Tsohuwar Kwalejin Katsina: a tanadi azara da magina tun rufi bai faɗo ba

Idan ana maganar tsohon ginin Kwalejin Katsina, sunayen waɗanda suka zauna a cikinsa ake fara lissafawa, kuma ba laifi. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iso a 1928, ga su Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, domin horar da malamai. Ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta amsa sunan Barewa. Ginin da ta bari a Katsina ya shiga jerin kayan tarihin ƙasa a 1959, kuma yau gidan adana kayan tarihi ne.

Ni dai roƙona a ɗaga kai a dubi rufi, domin can ne ran ginin yake. Gini ne na ƙasa, amma itace ke riƙe da shi. Azara, wato gangar giginya da aka faskara, ita magini ke jerawa ya ɗora ƙasa a kai. Namijin giginya ake nema, saboda ya fi tauri, gara ma ba ta cika iya masa ba. Sai dai azara tana da iyaka: idan tazarar bango da bango ta wuce kusan mita biyu, sai ta fara lanƙwasa. Nan gwanintar maginanmu ta fito. Su tura azara daga jikin bango hawa-hawa, ta sama ta zarce ta ƙasa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a tsakiya. Da wannan dabara ake samun ɗaki mai faɗi ba ƙarfe ba siminti, mai sanyi ko a tsakiyar bazara.

Irin wannan gini kulawa yake so kowace shekara. Kafin damina a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. Makuba da laso ake shafawa don hana ruwa ratsa ginin. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuwa haɗin katsi ne na marina da gashin jima da dafara. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta, ya ratsa zuwa kan azara, sai ta ruɓe a ɓoye cikin bango, ba wanda ya gani sai ranar da ta saki.

Shi ya sa ba na jin natsuwa don kawai an ce gini yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ilojo Bar, wani tsohon gini a Legas, yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma a watan Satumban 2016 aka rushe shi da rana tsaka. Damina ma ba ta tambayar takarda. A Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren magini Babban Gwani, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Shekara guda bayan nan ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram.

Abin da ya fi sakaci ba ni tsoro shi ne gyaran ɗan kwangila. Ya zo da buhunan siminti ya shafe bangon ƙasa, ya buga fenti, a yanke ƙyalle a yi tafi. Siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma ba ya kama jikin ƙasa. Sai ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, bango ya riƙa narkewa a ciki alhali waje na sheƙi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A Japan akwai makarantar Kaichi a garin Matsumoto, ginin katako na 1876 wanda kafintan garin ya gina, akasarin kuɗin kuma mutanen gari suka tara. A 2019 aka ɗaga ta zuwa matsayi mafi girma na kayan tarihin ƙasar. Abin koyi a wurinsu shi ne tun 1975 dokarsu ta haɗa da kare sana'o'in gyaran irin waɗannan gine-gine, har dazuzzuka suka ware don kada itacen gyara ya yanke.

Mu ina giginyarmu? Itace ne mai jinkirin girma, sai ya shekara gommai kafin ya isa azara. Ana sara ba a dasawa, ƙwallon da zai tsiro kuma muna cinye shi muruci (ba na ce a daina ci ba, a dai bar wa daji rabonsa). A Nijar an daɗe ana lura da dazukan giginya na Dallol Mawuri, wajen Gaya. Maginan gargajiya kuma tsufa suke yi, 'ya'yansu sun koma bulo, don can aiki yake.

Na san za a ce yara na zaune a ƙasa a makarantun da iska ta yaye wa kwano, wa ke ta tsohon soro? Magana ce mai nauyi. Amma yaɓen shekara ba ya cin kuɗin ginin aji ɗaya. Sake tayar da rufin da ya faɗo shi ne mai tsada.

Don haka gwamnatin Katsina da masarauta da hukumar tarayya su zauna da Sarkin Magina, a ɗauki magina aiki na dindindin, kowane da yaran da zai koya wa, ɗaliban zanen gine-gine na jami'o'inmu su riƙa zuwa suna aunawa suna rubutawa. A ware fili a dasa giginya da sunan ginin. Tsofaffin ɗaliban Barewa kuwa, da Allah Ya yi wa da yawansu buɗi, su ɗauki nauyin yaɓen kowace shekara, a kammala shi kafin ruwan farko.