Har yau Sufeto ake ce masa

Na karanta wani labari inda marubucin ya ce da zarar ɗan sanda ya ajiye kaki ya koma farar hula, shi ke nan. Ban yarda ba. Mahaifina ya cika shekara 35 yana aiki, ya yi ritaya, amma har yau Sufeto ake ce masa a unguwa. Rigimar fili, ɓatan akuya, yaro ya kwana a caji ofis, ƙofarmu ake ƙwanƙwasawa ko da ƙarfe biyun dare ne. Sai ya goge takalminsa ya yi ƙyalli kafin ya fita masallaci, kuma a majalisa ba ya zama ya ba hanya baya. Abin da labarin ya tsallake shi ne fansho. An cire sojoji da jami'an tsaro na farin kaya (DSS) daga tsarin fansho na karo-karo, wanda ma'aikaci da gwamnati ke zuba kuɗi tare, da aka kawo a 2004, aka bar 'yan sanda a ciki, shi ya sa tsofaffin 'yan sanda suka fita zanga-zanga a Abuja a Yulin 2025. Kai kuma malam mai cewa "ai sun tara a shingen hanya", ka taɓa ganin tsohon sufeto a kemis yana ƙirga kuɗin maganin hawan jini, ya ce a rage masa rabi?