Toshe Katin Banki Daidai Ne, Amma Mutumin Karkara Ke Biyan Kuɗin Wahalar

Duk bankin da ya ga alamar ɓarayi sun samu lambobin katin wani mai ajiya, ya kuma toshe katin nan take ba tare da jiran izininsa ba, ya yi abin da ya dace, kuma ba na cikin masu ganin laifinsa a kan haka. Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo bayan toshewar, domin yadda ake sanar da mutum da yadda ake ba shi sabon kati, duk an tsara su ne da mazaunin birni a zuciya, wanda ke karanta Turanci kuma reshen banki na bayan layinsu. Manomin shinkafa a Auyo da dillalin shanu a Maigatari da mai tuyar ƙosai a Sumaila duk masu ajiya ne, amma su ake bari da ɗawainiyar matakin tsaron da sau da yawa ba su suka jawo shi ba.

Ya kamata a fara fahimtar abin da ke sa a toshe kati, domin jama'a da dama na ɗauka mugunta ce ko kuma banki ne ke neman cin kuɗinsu. Wani lokacin dalilin ƙarami ne, kamar a danna lambar sirri ba daidai ba har sau uku a jere. Wani lokacin kuma kwamfutocin banki ne ke lura da al'adar mai kati: mutumin da shekara da shekaru bai taɓa cirar kuɗi a wajen Ringim da Gujungu ba, sai ga shi tsakar dare ana ƙoƙarin sayen kaya da katinsa a wani shagon intanet na ƙasar waje, to dole na'ura ta ɗaga tuta. Akwai kuma nau'i na uku, wanda ya fi ɗaure wa mutane kai, wato a yi kutse a rumbun bayanan wani kamfanin da kuɗin jama'a ke bi ta cikinsa, a kwashe lambobin katuna masu yawa a lokaci guda. A ƙarshen shekarar 2013 an yi wa kamfanin shagunan Target na Amurka irin wannan kutse, aka sace bayanan katuna kusan miliyan 40, bankuna suka soke katunan mutanen da ba su yi laifin komai ba suka buga musu sababbi. Idan lambobin gaban kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na bayansa suka shiga hannun ɓarawo, yana iya yin sayayya a intanet ko da katin na cikin aljihun mai shi, don haka canja lambar sirri kaɗai ba ta magance matsalar; sai an kashe katin an fitar da wani mai sababbin lambobi.

To sai dai akwai bambanci babba tsakaninmu da ƙasashe irin su Amurka. Da yawa daga cikin katunan da ake toshewa a can na bashi ne, kuɗin banki ne mutum ke kashewa ya biya daga baya, kuma dokar Amurka ta ƙayyade cewa abin da za a ɗora wa mai irin wannan kati idan aka yi sata da shi ba zai wuce dala 50 ba. Ana aika masa sabon kati har gida ta gidan waya, kafin ya iso kuma yana da wani a aljihu. A ƙauyukanmu da wuya ka ga mai katin bashi, ko don gudun riba ko don bankuna ba sa ba talaka. Abin da ke hannun mutane katin cirar kuɗi ne, Verve ko Mastercard ko Visa, wanda ke manne da asusun da suka zuba kuɗin riɗi ko na bijimi ko fanshon wata. Idan aka toshe shi, mutum aka raba da dukiyarsa ta halak, kuma galibi ba shi da na biyu.

Tun bayan ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon shekarar 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, kati da tiransifa suka zama hanyar ciniki har a kasuwannin ƙauye. Wanda ya je kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko ta Wudil ranar Juma'a zai ga rumfunan masu POS a jere, kowa da laimarsa da ɗan teburinsa da jakar kuɗi rataye a wuya. A irin wannan rumfa ake gane an toshe kati. Dattijo ya gama ciniki da mai taki, ya zo ya miƙa katinsa a naɗe cikin leda, yaron ya zura shi a na'ura, ya jira, ƙaramar takarda ta fito da kalmomin Turanci biyu ko uku. Yaron ya sake gwadawa, ya ɗaga na'urar sama ko sabis ne ya yi ƙasa, sannan ya ce, "Baba, katin nan fa ba ya tafiya, kuma ba matsalar sabis ba ce, sai dai ku je banki." Dattijon ya ce, "To yaro, kuɗina suna nan kuwa?" Yaron ba shi da amsa, domin shi ma iyakar abin da takardar ta nuna masa ke nan. Mai taki kuma ga wani mai saye tsaye da kuɗi a hannu.

Banki zai ce ya aika saƙo. Gaskiya ne, sau da yawa ana aikawa, amma da Turanci, zuwa layin da wataƙila na ɗan mutumin ne da ke Legas ko Fatakwal yana neman kuɗi, ko layin da aka rufe lokacin da aka tilasta haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aikin da aka fara tun Disambar 2020. Ko da saƙon ya iso, yana faɗawa ne cikin tarin tallace-tallacen kamfanonin waya da ba wanda ke buɗewa. Sanarwar da mai ita ba zai iya karantawa ba, banki ya kare kansa ne kawai da ita, bai sanar da kowa komai ba.

"Ku je banki" kalmomi uku ne a bakin mai faɗa, amma yini guda ne ko fiye ga mai tafiya. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano na da 44, rassan bankuna kuwa sun taru ne a cikin birnin Kano da manyan garuruwa irin su Dutse da Haɗejia da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu. Ko a garin da ke da reshe, ba lallai ne ya zama na bankin da mutum ke ajiya ba. Mutumin ƙauye zai hau babur zuwa bakin titi, ya shiga mota, ya tarar da layi tun daga ƙofa, ya nemi wanda zai cika masa fom, a tambaye shi shaidar ɗan ƙasa. Idan sunan da ke kan BVN ɗinsa, wato lambar tantancewa ta banki, ya saɓa da na NIN ko da da harafi ɗaya, Muhammad a nan Mohammed a can, ko an sa sunan gari a wuri guda an bar shi a ɗayan, sai maganar kati ta koma maganar gyaran suna da takardar rantsuwa a kotu. Duk wannan kuwa da wane kuɗi? Da bashin da ya ci a wajen maƙwabci, tunda nasa na kulle. Idan damina ce kuma ruwa ya cinye hanya, kamar yadda ake fama a yankin kogin Haɗejia, sai dai haƙuri. Ba a ma maganar matar aure da sai an nemo wanda zai raka ta, ko tsohon da fanshonsa ne abincin gidan.

Bayan duk wannan kuma a cire masa kuɗin sabon kati. Jadawalin kuɗaɗen hidima da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya sa naira 1,000 a matsayin kuɗin bayar da kati ko sauya shi, ban da haraji. Wanda ya yar da katinsa ko ya bari ya karye a aljihu, babu gardama ya biya. Amma wanda aka kashe wa kati saboda ɓaraka a wani kamfani da bai ma san da zamansa ba, da wane dalili zai biya? Naira dubu ba ta kai kuɗin motar da ya kashe ba, na sani, sai dai karɓar ta na nuna wa ake ganin ya kamata ya ɗauki asarar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan shiru na bankuna ya zama jarin 'yan damfara. Sun san mutane na tsoron kalmar "an toshe", sun san kuma tsoron tafiya birni ya fi na toshewar kanta. Sai su kira da Hausa tsantsa, da ladabin da mutum bai taɓa samu a gaban kanta ba: "Ranka ya daɗe, daga banki muke kira. An rufe katinka saboda tsaro, amma ba sai ka sha wahalar zuwa ba, za mu buɗe maka daga nan. Karanto mana lambobin gaban katin, sannan akwai wata lamba da za ta shigo wayarka yanzu." Wani lokacin har sunan mutum da ranar haihuwarsa suke faɗa don ya saki jiki. Lambar da ke shigowa ita ce mabuɗin ƙarshe da banki ke aika wa mai asusu don tabbatar da cewa shi ne ke cirar kuɗin, da zarar ya karanta musu ita kuwa, sai ƙarar alat. Ɓarawo ya yi wa mutum magana da harshensa ya kuma yi masa alkawarin sauƙi, bankinsa bai yi ko ɗaya ba. Duk wanda ya kira yana neman lambar sirri ko lambar da aka turo ta waya, ɓarawo ne ko da ya san sunan kakan mutum, domin ma'aikacin banki ba ya buƙatar su wajen toshe kati ko sauya shi.

Bankuna na da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa ba za su iya bayyana kamfanin da aka yi wa kutse ba alhali ana bincike, buɗe reshe a kowane gari ba zai mayar da kuɗinsa ba, kuma miƙa kati ga wanda ba a tantance ba wata ƙofar sata ce. Na yarda da ta farko da ta biyu. Amma ba wanda ya ce sai an faɗi sunan kamfani; ya isa a ce wa mutum kuɗinsa na nan lafiya, katin ne aka kashe don kare su, ga kuma yadda zai karɓi wani. Ana iya yin haka da saƙon murya na Hausa ko Fulatanci, irin wanda kamfanonin waya ke damun mu da shi kullum idan talla za su yi. Maganar tantancewa kuwa, an ɗauki hoton yatsun yawancin masu asusu tun da aka ƙaddamar da BVN a 2014, kuma bankunan nan da kansu suna fita ƙauyuka su kafa rumfa idan sababbin masu ajiya suke nema. Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da Moniepoint ta hannun wakilai suke raba katunansu. Wanda ya iya kai rumfa kasuwar Maigatari ranar Alhamis don buɗe asusu, zai iya kai ta don sauya kati, ko ya ba amintattun wakilansa na'urar duba yatsa ta yadda mutum zai iya cirar abin cefane kafin sabon katin ya iso.

Mu ma akwai namu. Mutum ya rubuta lambar sirrinsa a takarda ya naɗe ta tare da katin a leda ɗaya. Wani ya miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa lambar da ƙarfi jama'a na ji, wai shi ba ya gani sosai. Wata ta aiki yaro da kati da lamba kamar aiken gishiri. Lambar sirrin ma shekarar haihuwa ce ko ƙarshen lambar waya. Galibin masu POS yaran kirki ne masu neman halak, amma ba a rasa ɓatagari da ke ɗaukar hoton kati gaba da baya, ko su musanya shi da wani mai kama da shi a mayar wa tsoho bai lura ba. Kusan kowane banki na da gajeriyar lamba da ake dannawa ko a ƙaramar waya don rufe asusu idan kati ko waya ta ɓata, ya kamata kowane gida a samu wanda ya haddace ta, domin tsakanin ɓatan kati da wayewar gari ɓarawo ya gama aikinsa.

Wanda aka toshe wa kati, kada ya karɓi taimako daga kiran da ba shi ya yi ba. Idan ya isa reshe, ya tambayi dalilin toshewar, ya nemi takardar shige da ficen asusunsa ya duba ko akwai cirar da bai sani ba, ya sa sabuwar lambar sirri da hannunsa, ya kuma tabbatar layin da ke kan asusun nasa ne. Idan akwai kuɗin da suka fita, ya shigar da ƙorafi a rubuce ya karɓi lambar shaidar ƙorafin, domin ƙa'ida ita ce a fara da banki, idan ya yi makonni biyu bai warware ba sai a kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Wannan hanya ta ƙorafi ita ma ta masu boko da imel ce, shi ya sa nake ganin bai kamata a jira mutanen karkara su riƙa kai kuka ɗaya bayan ɗaya ba. Babban Bankin da ya iya ba da umarni a Disambar 2023 cewa duk asusun da ba shi da BVN ko NIN a tsayar da shi, bankuna kuma suka bi ba musu, yana da ikon rubuta musu cewa katin da aka kashe bisa shawarar banki a sauya shi kyauta, a sanar da mai shi da harshen da yake ji, a kuma sa wa'adin kwanakin da sabon katin zai kai hannunsa.