Lambar kakanka ba kayan gwangwan ba ce

Samari, yau da ku nake, kuma raina a ɓace yake. Ranar Asabar a kasuwar Dembe da ke N'Djamena na ga wani yaro ya kwance ƙullin leda gaban mai sayen tsofaffin ƙarafa. Lambobin soja ne guda uku, ƙyallensu ya koɗe, da littafin soja wanda gara ta ci gefensa. Na kakansa ne. Aka taya jaka biyu, ya ce albarka, aka daidaita a uku. Wai kuɗin intanet zai sa a waya. Haba!

Kun san abin da aka yi kafin a maƙala wa mutum wannan ƙarfe a ƙirji? Ranar 26 ga Agusta 1940, ana cikin yaƙin duniya na biyu, Chadi ce ta fara bin bayan de Gaulle a Afirka, wato jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, lokacin gwamna Félix Éboué. Daga nan hafsan Faransa Leclerc ya ɗebi sojoji, yawancinsu 'yan ƙasar nan, suka tashi daga Faya, suka keta hamada da ƙishirwa har suka ƙwace Kufra da ke Libiya daga hannun Italiya a Maris 1941. Da aka zo shiga Paris a 1944, an riga an ware baƙaƙen fata an bar su a baya. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Turawa ba sai 2011, bayan ƙasa ta rufe idon yawancinsu. To wanda aka yi wa haka, wace shaida ta rage masa in ban da lambar nan da takardarsa? Turawa sun share shi sau ɗaya, kai jikansa ka zo ka ƙarasa, a kan jaka uku.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, ba ya kai shi kasuwa ba. Wani ya ba yara lambar suna wasa da ita a kwata, wani ya naɗe ƙosai da takardar sallamar kakansa. Amma hoton ɗan ƙwallon Turai, wanda kuke zubar da kuɗin cefane kuna caca a kansa, yana nan manne a bango, ko ƙura ba a bari ta hau.

Ko da yake in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu manya mun zauna mun saurari mazan jiya? Tsoho na fara labarin yaƙi sai a ce ya soma ruɗewa. A da kuwa, in tsohon soja ya jera lambobinsa a kan babbar riga ya fito, tashi ake yi a ba shi tabarma, yara su durƙusa. Yanzu ko gaisuwa sai an roƙa.

Waɗanda suka gwabza da sojojin Libiya a Wadi Dum a 1987 suna nan da ransu a unguwanninmu, haka waɗanda suka je yaƙi a Mali a 2013. Wayar da kuke sayar da gado dominta tana naɗar murya. Ku je ku zauna gabansu, ku tambaya.