Kada Maganar Fyaucewa Ta Raba Mu

Salama a gare ku, 'yan'uwana cikin Almasihu.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, na ga gara in faɗe shi a fili. Duk sa'ad da aka ji labarin yaƙi, ko girgizar ƙasa, ko wata annoba ta ɓulla, sai maganar fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama su taryi Ubangiji, ta taso a tsakaninmu, kafin ka ce kwabo an rabu gida-gida. Wannan ya ce za a ɗauke ikilisiya kafin babban tsanani, wancan ya ce sai bayansa, wani kuma ya ce shi bai ga fyaucewa ta ɓoye a cikin Littafi Mai Tsarki ba. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma sai ka ji mai bi ya dubi ɗan'uwansa, wanda suka ci jibin Ubangiji tare, ya ce masa, "Kai ai ba ka gaskata Maganar Allah ba." Wani ma har ya kai ga cewa, "Ranar da aka busa ƙaho, irinku za a bari." Wannan kalma tana da nauyi ƙwarai, kuma babu ɗan Adam da aka ba ikon furta ta a kan wani.

Mu koma inda maganar ta samo asali. Wurin da kowa ke buɗewa shi ne 1 Tasalonikawa 4:13-18. Kafin mu ɗauki aya ta 17 mu gudu da ita, ya kamata mu tambaya: su wa Bulus yake rubuta wa, me kuma ya same su? Sabuwar ikilisiya ce. Bulus bai daɗe a Tasalonika ba aka tayar masa da tarzoma, 'yan'uwa suka fitar da shi da Sila da dare zuwa Biriya, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta faɗa. Bayan tafiyarsa mutuwa ta ziyarce su. Ka ɗauki mace guda a cikinsu, wadda ta binne mijinta. Tare suka bar gumaka, tare suka sha tsangwamar dangi da maƙwabta, tare suke jiran Ubangiji. Yanzu tana kwana tana tashi da tambaya ɗaya: idan Yesu ya dawo, wannan da ke kwance a kabari ya yi asara ke nan? Irin wannan zuciyar Bulus yake amsa wa. Ya ce kada su yi baƙin ciki irin na marasa bege. Ubangiji da kansa zai sauko daga sama da kira mai ƙarfi, da muryar babban mala'ika, da ƙahon Allah. Waɗanda suka mutu cikin Almasihu su ne za su fara tashi, sa'an nan mu da muka rage a raye a fyauce mu tare da su cikin gizagizai, mu taryi Ubangiji a sarari, mu kasance tare da shi har abada. Ya kuma rufe da umarni: ku riƙa ƙarfafa wa juna zuciya da wannan magana.

Maganar ta'aziyya ce, 'yan'uwa. An rubuta ta ne domin a karanta ta a bakin kabari, a share wa gwauruwa hawaye. Yaya aka yi muka wayi gari muna buɗe ta domin mu kunyata juna?

Gaskiya ne masu bi sun saɓa, kuma kowane ɓangare yana riƙe da ayoyinsa. Masu cewa fyaucewa za ta riga tsanani suna fahimtar makon ƙarshe na annabcin Daniyel 9:27 a matsayin shekara bakwai da ke nan gaba. Suna kafa hujja da 1 Tasalonikawa 5:9, inda aka ce Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba, da alkawarin da aka yi wa ikilisiyar Filadelfiya a Wahayi 3:10 cewa za a kiyaye ta daga lokacin gwaji. A wurinsu zuwan Ubangiji mataki biyu ne: zai zo ya ɗauki nasa, daga baya ya dawo tare da su a idon duniya. Waɗansu suka dubi wata 42 da kwana 1,260 da ke cikin Wahayi, suka ce a tsakiyar shekarun bakwai ne za a ɗauke mu. Waɗansu kuma suka tsaya a Matiyu 24:29-31, inda Yesu ya ce bayan tsananin kwanakin nan ne zai aiko mala'ikunsa da ƙaho su tattara zaɓaɓɓunsa. Katolika, da Otodoks, da Lutaran, da da yawa daga cikin Angilika da Firesbiteriya, zuwa ɗaya suke koyarwa, a fili, tare da tashin matattu da shari'a.

Haka yake ga shekara dubu ta Wahayi sura 20. Jastin mai shahada da Ireniyus bishop na Liyon, waɗanda suka rayu a ƙarni na 2, sun gaskata Almasihu zai yi mulki na zahiri a bisa ƙasa bayan dawowarsa. Abin da ke burge ni game da Jastin shi ne, shi da kansa ya rubuta cewa akwai Kirista da yawa masu tsarkin bangaskiya da tsoron Allah waɗanda ba su ga haka ba. Mutumin da aka sare wa kai a Roma saboda sunan Yesu bai ga dalilin korar ɗan'uwansa a kan wannan ba. Agustin na Hippo, a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya fahimci shekara dubun a matsayin zamanin ikilisiya da muke ciki, kuma fahimtarsa ce ta mamaye ikilisiyar Yamma ƙarnuka masu yawa. Mai wa'azi Jonathan Edwards a Amurka, a ƙarni na 18, ya sa ran bishara za ta rinjayi duniya tukuna kafin Ubangiji ya dawo. Akwai kuma masu ganin cewa babban ɓangare na Matiyu 24 ya riga ya cika a shekara ta 70, lokacin da sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe Urushalima da Haikali.

Ita koyarwar fyaucewa kafin tsanani, a tsarin da muka san ta yau, John Nelson Darby ne ya shimfiɗa ta a shekarun 1830, cikin ƙungiyar 'yan'uwa ta Plymouth a Birtaniya. Ya yi ta kai ta Amurka, sa'an nan Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da aka buga a 1909 ya shigar da ita gidajen masu bi da makarantun horar da masu wa'azi. Ban kawo wannan tarihi don in ce koyarwar ƙarya ce ba, domin da Maganar Allah ake auna koyarwa, shekarunta ba su isa su yanke mata hukunci ba. Na kawo shi ne domin mu tuna cewa tsararraki na masu bi sun rayu, sun yi addu'a, waɗansu sun shiga wuta suna waƙar yabo, ba tare da sun taɓa ganin zanen jerin kwanakin ƙarshe da muke mannawa a bango ba. Wa zai iya buɗe baki ya ce ba su da ceto?

Abin da ikilisiya ta tsaya a kai da murya ɗaya gajere ne. Shaidar bangaskiya da aka fara tsarawa a Nikiya a 325, aka cika ta a Kustantiniya a 381, ta ce zai sāke dawowa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, mulkinsa kuwa ba shi da iyaka, muna kuma sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa. Wanda ya musanta wannan ya bar bangaskiyar manzanni. Wanda ya riƙe wannan amma ya saɓa maka a kan abin da zai fara faruwa da abin da zai biyo baya, ɗan'uwanka ne. Mu kan zama kamar 'yan gida ɗaya da ke jiran babban baƙo, an tsaya a ƙofa ana musu ta wace hanya zai ɓullo, alhali ko tsakar gida ba a share ba.

Ni dai, in an tambaye ni, zuciyata ta fi kwanciya da zuwa ɗaya a fili, saboda Matiyu 24 da kuma 2 Tasalonikawa 2:3, inda Bulus ya ce ranar ba za ta zo ba sai an yi ridda, an kuma bayyana mutumin zunubi. Na san bayin Allah masu zurfin ilimi da tsarkin rai da ba su yarda da ni ba, ina kuma girmama su ƙwarai. Roƙo ɗaya nake da shi ga masu sa ran za a ɗauke mu kafin tsanani: ku riƙe begenku, amma kada ku koya wa mutane cewa mai bi ba zai sha wuya ba. Yesu ya faɗa a Yahaya 16:33 cewa a duniya za mu sha tsanani. An jejjefi Istifanas da duwatsu, an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, kuma har wa yau akwai masu bi a ƙasashe dabam-dabam da ke kurkuku saboda sunan nan. Wanda aka shirya shi don tserewa kaɗai, ranar da wahala ta ƙwanƙwasa masa ƙofa zai ɗauka Allah ya saɓa alkawari. Mu kuma da muke ɗaya ɓangaren, akwai abin da ya kamata mu koya daga gare su, wato zaman jira da marmari, irin na mai cewa a ransa kowace safiya, wataƙila yau ne. Da yawa daga cikinmu mun daina ɗaga ido sama gaba ɗaya, kuma wannan sanyin zuciya ne.

Inda ba zan sassauta ba shi ne wurin masu sa rana. A nan babu ra'ayi biyu, domin Ubangiji ya rufe ƙofar da kansa. Ya ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, sai Uba kaɗai. Da almajirai suka sāke tambaya gab da hawansa sama, ya ce musu sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne, nasu shi ne su zama shaidunsa. Duk da haka ba a daddara ba. Mabiyan mai wa'azi William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba, 1844, waɗansu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba, gari ya waye musu cikin kuka. A Koriya ta Kudu wata ƙungiya ta sa 28 ga Oktoba, 1992, mutane suka bar aiki, suka sayar da dukiyarsu, shugaban ƙungiyar kuwa ya ƙare a kurkuku bisa laifin zamba. Harold Camping, mai wa'azi a rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu, 2011, aka cika allunan talla da sanarwar, waɗansu suka zuba duk abin da suka tara, da ranar ta wuce ya matsar da ita zuwa 21 ga Oktoba. Daga baya ya fito ya amsa cewa ya yi zunubi, amma kuɗin mutane bai dawo ba, kuma akwai waɗanda bangaskiyarsu ta karye daga nan. Kowace rana da aka sa ta wuce, tana ba masu ba'a abin faɗa, waɗanda Bitrus ya ce za su zo suna cewa, ina alkawarin zuwan nasa? Saboda haka idan wani ya turo maka bidiyo ko saƙo yana cewa an nuna masa rana a mafarki, kada ka tura wa kowa. Ka amsa masa da Matiyu 24:36 cikin ladabi, ka kuma yi masa addu'a.

To wane irin jira Ubangiji yake so? A cikin wannan sura ta 24 ya yaba wa bawan da maigidansa zai dawo ya tarar yana ba mutanen gida abincinsu a kan kari. Mutum biyu da ya ambata suna gona, mata biyu suna niƙa, kowa yana bakin aikinsa na kullum. A Tasalonika ma an sami waɗanda suka daina aiki suna yawon shishigi, Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. A Matiyu sura ta 25 kuwa, da Sarki ya zauna a kursiyinsa ya raba tumaki da awaki, abin da ya ambata shi ne mayunwaci da mai ƙishirwa, baƙo da huntu, mara lafiya da ɗan kurkuku. Idan akwai bashin da kake riƙe da shi alhali kana da halin biya, ko ɗan'uwan da kuka daina gaisawa, ko zunubin da kake ɓoyewa, a nan shirinka zai fara.

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku ma ina roƙonku. Akwai yaron da zai dawo daga makaranta ya tarar gida shiru, ya kira uwarsa bai ji amsa ba, ya leƙa ɗaki ya ga mayafinta a kan gado, nan take jikinsa ya ɗauki rawa, ya fashe da kuka, ya ɗauka an fyauce kowa an bar shi. Wannan tsoron daga bakinmu ya ji shi. Mun cika masa kunne da dabbar Wahayi da 666 da jiragen da aka fyauce matuƙansu, ba mu zaunar da shi mun gaya masa wane ne mai zuwan ba. Mai zuwan shi ne wanda ya rungumi yara ya sa musu albarka, wanda ya ba da ransa domin tumakinsa. Idan ɗanka ya tambaye ka ko za a bar shi, kada ka zana masa jerin shekaru. Ka buɗe masa Yahaya 6:37, inda Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan, ka kuma buɗe 10:28, inda ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Ka tambaye shi ko ya dogara ga Yesu, ka saurari amsarsa da haƙuri, sa'an nan ku durƙusa ku yi addu'a tare.