Ranar da aka kama ni da fatsa a gadar Galata

Tunda Yaya ya riga ya baza labarin ta ɓangarensa, bari ni ma in faɗi nawa, don yadda yake bayar da shi sai ka rantse da gangan na ɓata masa kyamara.

Kun dai san ciwon da ya kama ni bara. Kwana uku na yi ina kallon hotunan Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoton nan ɗan Faransa, na wayi gari na naɗa kaina mai ɗaukar hoton tafiye-tafiye. Sai ga aiki ya kai ni Istanbul na kwana huɗu. Na ari kyamarar Yaya, na sayi falmaran mai aljihu goma sha biyu, na naɗa dogon ƙyalle a wuya, saboda a tunanina babu mai wannan sana'a da ke yawo da wuya tsirara. Shi Cartier-Bresson 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Leica yake riƙewa da lensi mai milimita 50, kuma yakan liƙe wuraren da ke sheƙi da baƙin salatif don kada mutane su lura da shi. Ni ma na liƙe. Kyamarar Yaya baƙa ce wuluk tun daga kamfani, amma ban bari wannan ya karya min gwiwa ba. Har sikirin ɗin baya na rufe ruf, wai manya a zamanin fim ba sa leƙa hoto bayan sun ɗauka. Lensin da ke zuƙo nesa kuwa na cusa shi cikin safa na bari a masauki.

Rana ta uku na wuni a masallacin Süleymaniye, wanda babban magini Sinan ya kammala a 1557. Ciki akwai ɗan duhu, don haka na ɗaga ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamara, zuwa 6400, na rage saurin ƙiftawar kyamara zuwa ɗaya bisa talatin na daƙiƙa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da la'asar sakaliya na gangara gadar Galata.

Wanda bai taɓa zuwa ba, gadar hawa biyu ce, tsawonta kusan mita 490, kuma a saman masu fatsa ne jere kafaɗa da kafaɗa, sandunansu sun yi cako-cako a kan ruwa. Jiragen fito na kaiwa da komowa, tsuntsayen teku na ihu, rana na gangarawa ta bayan hasumiyoyin masallatai. A wannan unguwar mai ɗaukar hoto Ara Güler, wanda suke wa laƙabi da Idon Istanbul, ya sha ɗaukar masunta da 'yan dako a baƙi da fari kafin rasuwarsa a 2018. Na tsaya na ja numfashi, ina ji a raina magajinsa ya iso.

Abin da nake farauta guda ne. Akwai hoton da Cartier-Bresson ya ɗauka a 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris: wani mutum ya yi tsalle zai haye ruwan da ya kwanta, dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwan, ga inuwarsa a ƙasa ita ma tana tsalle. Da an danna kafin nan, mutum ne kawai a tsaye. Da an jinkirta, mutum ne jiƙaƙƙe. Ni kuma nawa, kifi nake so a sama yana wutsil-wutsil, hasumiya a bayansa. Na zaɓi wani dattijo mai farin gashin baki da 'yar hular sanyi, na kafa masa ido fiye da awa guda.

Nan ne wani mutum ya shigo. Ban san daga wace ƙasa yake ba, kuma har yau ba na son sani. Gajeren wando, safa har gwiwa, tumbi a gaba, ga lensi kamar taɓarya ya ɗora a kan ƙafa uku can nesa da mutane, wajen taku talatin. Zaune yake ma a kan 'yar kujerar da ake naɗewa. Zaune! Ni ina ta durƙuso ina miƙewa, ina karkata kai ina ƙanƙance ido, shi kuwa sai ya leƙa, ya danna, ya duba sikirin, ya gyaɗa kai. Sau biyu muna haɗa ido yana ɗago min babban yatsa. Na raina shi raini mai tsanani. A zuciyata har lacca na yi masa, cewa wanda ke zuƙo mutane daga nesa ɗan leƙen asiri ne, hoton ƙwarai da ƙafa ake matsa masa.

Wannan laccar ce ta tuno min da Robert Capa, abokin Cartier-Bresson da suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum tare da wasu a 1947. Shi ne ake jingina wa maganar nan cewa in hotonka bai yi kyau ba, to ba ka matsa kusa ba ne. Da na yi tunani da kyau da na tuna cewa Capa ɗan jaridar yaƙi ne, kuma nakiya ya taka a 1954 garin neman hoto. Ban tuna ba. Na matsa.

Abin da babu wanda ya gaya min, masu fatsar gadar nan da yawansu ba ƙugiya ɗaya suke sawa ba. Zare ɗaya ne da ƙugiyoyi jere wajen goma, kowace da ɗan gashin tsuntsu, da dalma a ƙarshe. Sandar dattijon ta girgiza, ya fara naɗe zare da sauri, ni kuma na sa ido a kyamara na ƙara taku biyu. Ta cikin gilashi komai ya yi daidai: ƙananan kifaye biyar suna ƙyalli kamar azurfa, rana a bayansu. Abin da gilashin bai nuna min ba shi ne bokitin da zai sauke su a ciki yana tsakanin ƙafafuna.

Ya wulwulo zaren ta kan ƙarfen gada. Kifi na farko ya daki lensi, tas. Na biyu ya same ni a baki, kuma bakin a buɗe yake, don in ina ɗaukar hoto haka nake sakin sa, kun sha yi min dariya a kan wannan. Dalmar ta zaga bayan wuyana ta dawo. Ƙugiyoyin da ba su kama komai a teku ba suka kama ƙyallena, biyu a wuya, ɗaya a kafaɗar falmaran. Maimakon in tsaya cak, sai na ja da baya. Zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe, dattijo kuwa, hannu ya riga ya saba, da ya ji nauyi sai ya ci gaba da naɗewa. Yana naɗewa ina tahowa. A taku na biyu ƙafata ta dama ta faɗa bokiti har idon sawu. Duk wannan abin yatsana na kan madanni, kyamara sai tatatata take yi kamar keken ɗinki.

Ina cewa, «Baba, tsaya! Baba, don Allah tsaya!» Shi kuma yana ta ɗaga murya, «Dur! Dur!» Sai daga baya na ji cewa a harshensu wannan ma tsaya ke nan. Wato kowa na roƙon ɗan'uwansa ya tsaya, babu wanda ya tsaya. Kalmar «Baba» kaɗai ya gane, don su ma haka suke kiran uba, kuma daga yadda ya kalle ni bai karɓi ɗiyancin ba.

Cire ƙugiyar ya fi kamun ciwo. Tana da ɗan haƙori a baki, in ta shiga zane ba ta fita ta hanyar da ta shiga. Maza shida suka kewaye ni, kowa da shawararsa, aka ɗaga min haɓa sama kamar yaron da ake wa aski, ƙafa ɗaya har yanzu cikin bokiti saboda babu wanda ya ba ni izinin motsi. Kifi ɗaya na reto a ƙarƙashin kunnena yana marina a hankali. Wani yaro da ya hau wuyan babansa ya tsura min ido, ko dariya bai yi ba, kallon tausayi kawai, kuma wannan ya fi min zafi. A ƙarshe dattijon ya zaro 'yar wuƙa ya yanke ƙyallen wuri uku. Ya ƙirga kifinsa, huɗu, ya dube ni, ya sake ƙirgawa.

Ina matse safa sai ga mai taɓarya ya taho yana murmushi, ya juyo min sikirinsa. Jama'a, hoton ya yi kyau. Abin da ya hana ni barci ke nan. Ga kifin saura ƙiris ya taɓa leɓena, ga ɗigon ruwa tsaye a iska kowane da haskensa, ga idona ɗaya ya leƙo ta gefen kyamara a zazzare, ga hasumiyar can baya daidai inda na so ta. Da ya danna kafin nan, wani ne kawai mai ƙyalle. Yana zaune a kujera ya samu abin da na yi awa guda ina wa durƙuso. Ya ce in ba shi adireshin imel ya turo min. Na ba shi na ƙarya. Har ya dafa min kafaɗa ya nuna salatif ɗin da ke kan kyamarata, ya tambaya cikin tausayi ko fashewa ta yi.

Da dare a masauki na ɓare sikirin. Hoto ɗari uku da wani abu na ɗauka a gadar, kusan duka fari fat kamar an wanke allo, domin saitin cikin masallaci na fito da shi cikin hasken rana. Ashe lambobin da ke ta ƙiftawa a ƙasan gilashin gargaɗi suke min, ni na ɗauka ado ne. Guda ɗaya ne ake iya gane wani abu a ciki, takalmina da bakin bokiti, shi ma a dishi-dishi. Na ɗan lallashi kaina da cewa hotunan da Capa ya ɗauka a gaɓar Normandy a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su ma a girgije suke, amma shi harsashi ake harba masa.

Kifi na biyar kuwa sai washegari a filin jirgi na same shi, a aljihu na tara, lokacin da ake binciken kaya. Ba zan shiga wannan ba.

Maganar kyamara, ba ta lalace ba. Danƙon salatif ne ya maƙale a jikinta, sai ɗan ƙarni da ya kama igiyar ratayawa, shi ma ya ragu sosai. Na ce masa, «Yaya, a goge da ɗan man zaitun, zai fita.» Ya ce ba zai sa wa kyamararsa mai ba. To ni me zan yi? Lensin zuƙowar ma na mayar masa lafiya lau, safar ce dai har yanzu bai dawo min da ita ba.