Noman inabin ne ya ja hankalina

Na ji ana maganar wata farar giyar inabi marar zaƙi da ake haɗawa a tsaunukan Alps na arewacin Italiya. Mu a Katsina ba ruwanmu da shanta, haramun ce. Noman ne ya burge ni. A gangaren dutse suke shuka inabin, rana ta sa ya nuna, sanyin dare ya riƙe masa tsami. Sai su gauraya iri biyu ko uku, ruwan ya tsimu har sukarinsa ya ƙare, shi ya sa ba ta da zaƙi.

To ga manoman Kudan a Kaduna suna noman inabin ci, kuma yana yi. Masu lambu a bakin madatsar Ajiwa ko Jibiya, me zai hana ku gwada? Na cikin 'yar roba da ake kawowa daga waje ya yi tsada, wallahi.