Mitar Ruwa da Masu Cewa "Ai Ɗigo Ne Kawai"

Wai don Allah, wa ya ce dole sai an binne mitar ruwa a rami? Ka ɗaga murfi ka tarar da laka, gilashi ya yi raɓa, sai ka durƙusa da tocila kana gogewa da bakin riga. Shi ya sa mai zuwa karantawa wani lokaci ko tsugunawa ba ya yi, ya rubuta ƙiyasinsa ya ƙara gaba, kai kuma ka biya kuɗin ruwan da ba ka taɓa ba.

Alhali karatun ba wuya. A yawancin mitoci baƙaƙen lambobi kubik mita ne, kowane ɗaya lita 1,000, da su ake lissafin kuɗi. Jajayen kuwa 'yan ragowar litoci ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗan ƙaramin tauraron nan na tsakiyar mita, wanda ke juyawa duk lokacin da ruwa ke wucewa. Rufe duk famfunan gida, ka zuba masa ido. Muddin yana juyawa, to wani wuri na yoyo, kuma sau da yawa tankin masai ne ke tsiyaya dare da rana ba wanda ya ji. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa kan zubar da fiye da lita 10,000 a shekara! Amma faɗa wa mutanen gida, sai a ce ai ɗigo ne kawai. Wani yana goge baki famfo na ta kwarara, wata ta bar bokiti na ambaliya tana waya. Ranar da takardar kuɗi ta iso kuwa, kowa ya rantse mitar ce ta lalace.